Wai in sama ta kai haka girma, Allah ya san da mai gadi a Lekki kuwa?

Ƙanena na ga saƙonka tun daren Talata, ban amsa ba ne don irin tambayar nan ba a amsa ta a tsaitsaye cikin danfo. Bari in ɗan maimaita don waɗanda ba su gani ba. Ya ce shi mai gadi ne a Lekki, aikin dare yake yi, sai ya ci karo da wani bidiyo a waya da ke nuna duniyarmu tana ƙanƙancewa tana ƙanƙancewa har ta ɓace cikin taurari, tun ranar kuma zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ya ce "Malam wai gaskiya ne abin nan ko ƙaryar Turawa ce? In kuma gaskiya ne, anya Allah ya ma san da ni kuwa?"

Ni dai ba fasto ba ne, ka sani. Fiziks na karanta, shi nake koyarwa a sakandare nan Legas shekara da shekaru, ranar Lahadi kuma ina tare da ku matasa a cocinmu na Hausa a Agege. To zan amsa maka ta inda na fi sani, sannan in faɗi abin da nake gani a matsayina na mai bi.

Gaskiya ne. Bidiyon ma rage maka ya yi, don allon waya ba zai iya ɗaukar abin ba.

Tunda a Agege muke bari mu yi misali da goro, ai nan ne gidansa tun zamanin kakanni da suke saro shi su kai arewa. Ɗauki goro guda madaidaici, mai faɗin kamar santimita 3, ka ajiye a bakin titi, ka ce wannan ita ce rana. To duniyarmu gabaɗayanta, da Najeriya da Amurka da Sin da duk tekunan, ƙwayar yashi ce guda mai laushi, wadda in ta faɗa maka cikin shinkafa ba lallai ka ji ta a haƙori ba. Ka yi taku huɗu daga goron ka ajiye ta, wajen mita 3 kenan. Wata kuma yana nan kusa da ƙwayar yashin, tazararsu ba ta kai faɗin farcenka ba, kuma ka sani fa iyakar inda ɗan Adam ya taɓa taka ƙafarsa kenan. Neptune, ta ƙarshe cikin manyan duniyoyi takwas da ke kewaya rana, tana can wajen mita 100, tsawon filin ƙwallo. Akwai wani kumbo Voyager 1 da Amurkawa suka harba a 1977, yana gudun kilomita 17 a daƙiƙa ɗaya, dare da rana ba hutu ba gosulo, shi ne abin da hannun mutum ya ƙera da ya fi kowanne nisa, ya haura kilomita biliyan 24 yanzu. A misalinmu na goro rabin kilomita da ɗoriya kawai ya ci, ko Pen Cinema bai kai ba in daga cikin unguwa ka fara. To ina tauraro mafi kusa da rana? Sai ka shiga motar dare ka kwana ka wuni, ka je Kano ka ajiye goro na biyu. Tsakanin goron Agege da goron Kano kusan ba komai, fili ne fetal, duhu da sanyi.

Wannan fa maƙwabcinmu na jikin katanga kenan.

Saboda kilomita ta gaza shi ya sa masana suke awo da tafiyar haske. Haske na cin kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, kafin ka ƙifta ido sau ɗaya ya zagaye duniya ya sake zagayowa, a daƙiƙa cikakkiya sau bakwai da rabi. Daga wata zuwa nan daƙiƙa ɗaya da ɗan kaɗan. Daga rana minti 8 da daƙiƙa 20, don nisanta kilomita miliyan 150 ne, wato ranar da kake gani in ka tashi aiki da safe ta minti takwas da suka wuce ce. Daga tauraron can na kusa, Proxima Centauri, shekara 4 da 'yan watanni. In da akwai titi, direban tirela da ke kawo tumatir Mile 12 ya taka kilomita 100 a awa ba tsayawa shan mai ba shingen 'yan sanda, zai kai wata cikin kwana 160, rana sai ya yi shekara 171, tauraron nan kuwa shekara wajen miliyan 46. Ni kaina da nake wannan lissafin a allo kowace shekara har yau in na rubuta amsar sai na ɗan tsaya.

Ranarmu ɗaya ce cikin wani garken taurari da Turawa ke kira Milky Way, a cikinsa akwai taurari aƙalla biliyan 100, wasu masana na kai shi har biliyan 400. In ka zauna a bakin get kana ƙirga ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba cin abinci, biliyan 100 ɗin kaɗai sai ka haura shekara 3,000 ba ka gama ba, wato da tun zamanin Sarki Dawuda ka fara, yanzu ne kake dab da kammalawa. Faɗin garken, tafiyar haske ta shekara kamar 100,000. Mu muna can gefe ne, ba a tsakiya ba, kamar a ce Ikorodu ko Badagry.

Nasan za ka ce to waye ya je ya auno? Tambaya ce mai kyau, ɗalibaina ma ita suke fara yi. Na wata mai sauƙi ne, 'yan sama jannatin Apollo 11 sun bar wani madubi a can a 1969, har yau ana harba masa haske daga nan ya dawo cikin daƙiƙa biyu da rabi, a lissafa. Na taurarin kusa kuma, miƙe hannunka ka ɗaga babban yatsa, rufe idon dama ka kalla, sannan ka rufe na hagu, za ka ga yatsan ya yi tsalle. In ka matso da shi kusa da hanci tsallen ya ƙaru, in ka nisanta ya ragu. To haka ake yi wa tauraro, a duba shi a Janairu, a sake dubawa a Yuli lokacin da duniya ta koma ɗaya gefen rana, ɗan tsallen da ya yi shi ke ba da nisansa. Wani Bajamushe Friedrich Bessel ne ya fara cin nasarar wannan awon a 1838, yanzu kuma kumbon Gaia na Turai ya auna taurari sama da biliyan ɗaya ta wannan hanyar. Irin lissafin da safiyo ke yi ne in zai auna fili a Ajah, ba tsafi a ciki. Na nesa sosai kuma wata mata ce ta buɗe ƙofar, Henrietta Leavitt, kurma ce ma kuma 'yar fasto, a 1912 ta gano wasu taurari da haskensu ke ƙaruwa yana raguwa, kuma tsawon lokacin da suke ɗauka yana nuna ainihin ƙarfin haskensu. In ka san ƙarfin fitila ka kuma ga yadda ta dushe a idonka ai ka san nisanta. Da wannan ne Edwin Hubble ya nuna a shekarun 1920 cewa wani ɗan hazo-hazo da ake gani a sama, Andromeda, ba cikin garkenmu yake ba, wani garke ne daban mai zaman kansa. Nisansa tafiyar haske ta shekara miliyan 2 da rabi, kuma a ƙauye inda ba wuta ana ganinsa da ido haka nan.

Ka lura fa, shekara ɗari kacal kenan da mutane suka tabbatar akwai wani garke bayan namu. Kakata tana raye a lokacin.

A Disambar 1995 aka juya madubin hangen nesa na Hubble, wanda ke shawagi a sama, aka kafa shi kan wani ɗan tabo da ake ganin kamar ba komai a wurin, baƙi ƙirin, aka bar shi yana tara haske kwana goma. Da hoton ya fito sai ga garke kusan 3,000 a ɗan wurin nan, ba taurari ba fa, garkuna, kowanne da nasa biliyoyin. Sabon madubin, James Webb, ranar Kirsimeti ta 2021 aka harba shi, hotonsa na farko da aka fitar a Yulin 2022 na wani yanki ne da bai fi ka ɗora ƙwayar yashi a yatsa ka miƙe hannu ba, shi ma dubbai ne a ciki. Gaba ɗaya garkunan da ake iya hangowa ɗaruruwan biliyoyi ne. Kuma wannan iya inda haskensa ya samu isowa gare mu ne.

To yanzu ga rabi na biyu na tambayarka, wanda nasan shi ne ainihin abin da ya hana ka sukuni.

Kar ka ɗauka shaiɗan ne ya sa maka tunanin nan ko bangaskiyarka ce ta yi rauni. Tambayarka tana cikin Littafi Mai Tsarki kusan kalma da kalma. Buɗe Zabura 8. Dawuda ya ce in ya dubi sammai, aikin yatsun Allah, da wata da taurari da ya kafa, mene ne mutum har da za ka tuna da shi? Abin da nake so ka lura, bai ambaci rana ba, wata da taurari kawai. Waƙar dare ce. Mutumin da ya yi ta ya san kwanan waje, ya yi gadin tumakin babansa a dajin Baitalami yana sauraron motsin zaki, abokin aikinka ne in ka duba. Shi da idonsa taurarin da zai gani a dare guda ba su wuce dubu biyu zuwa uku ba, amma sun ishe shi ya ji ya zama ba komai. Wato ba James Webb ne ya kawo wannan jin ba, ya dai ƙara masa sifiri a baya. Bambancin kawai, Dawuda da ya ji ƙanƙantarsa bai ce to shikenan Allah bai san da ni ba, mamaki ya kama shi cewa duk da haka an san da shi ɗin, har an ɗora masa ɗaukaka da daraja an ba shi riƙon sauran halitta.

Inda nake ganin lissafinka ya karkace shi ne nan: ka ɗauki girma ka mai da shi ma'aunin daraja, kuma ka ɗauki Allah kamar wani babban oga. Ban ga laifinka ba, Legas ce ta koya mana haka. Garin nan in kana da yawa ba a ganinka. Mai gidan da kake buɗe wa get kullum ƙila bai san sunanka na gaskiya ba, "aboki" kawai, ko "malam", ya wuce gilas a rufe. Oga mai ma'aikata goma ya san su, mai dubu goma sai ta hannun manaja, gwamna kuwa sai dai a ƙidaya. To sai zuciya ta ce wanda ke da taurari biliyan biliyan fa, ina zai ga fayil ɗina? Amma dalilin da ya sa oga ke mantawa ai don kansa ɗaya ne, awansa 24, hankalinsa in ya tafi nan ya bar can. Iyaka gare shi. Wanda ba shi da iyaka ba ya raba hankalinsa kashi-kashi har naka kason ya ƙanƙance. Ko a lissafin aji, abin da ba shi da iyaka in ka raba shi gida biliyan, kowane gida har yanzu ba shi da iyaka. Yawan taurarin nan hujja ce a kan ƙarfinsa, ba hujja ba ce cewa aiki ya yi masa yawa.

Batun girma da daraja kuma, je ka Apapa ka ga tireloli jere da kwantena, kowace ta fi jariri nauyi sau dubbai. In wuta ta tashi, uwa wanne za ta ruga ta ɗauka? Tauraro komai girmansa iskar gas ce mai ci da wuta, haidirojin ke narkewa yana zama hiliyam. Bai san yana nan ba. Akwai wani jan tauraro Betelgeuse, in aka sa shi a mazaunin rana zai haɗiye duniyarmu har da Mars, amma bai taɓa yin mamakin komai ba, bai taɓa kwana yana tunanin uwarsa a gida ba. Kai da ke zaune kan benci da tocila da ɗan rediyo kai ne kake ɗauke da shi a cikin kanka, shi bai ɗauke da kai ba. Ni a wurina wannan ya fi nisan ban mamaki, a ce ƙurar da ke kan ƙwayar yashin nan ta auna tazarar goron Kano, kuma lissafin ya fito daidai.

Akwai wuri biyu da nake so ka karanta a daren nan in gari ya yi tsit. Zabura 147, aya 3 da 4. Aya ta 3 ta ce yana warkar da masu karyayyar zuciya yana ɗaure raunukansu, aya ta 4 ba ko numfasawa ta ce yana ƙidaya taurari yana kiran kowanne da sunansa. Mai zaburar bai ga wani tsalle tsakanin biyun ba, a wurinsa aiki ɗaya ne na hannu ɗaya. Na biyun ya ma fi dacewa da kai, Ishaya 40. A aya ta 26 aka ce ku ɗaga ido sama ku duba, wa ya halicci waɗannan, shi ne mai fito da rundunarsu bisa ga adadi, ko ɗaya ba ya ɓacewa. Mutane na son tsayawa nan, amma ci gaba zuwa 27 ka ga da wa ake magana. Da mutanen da ke gunaguni ne suna cewa Ubangiji bai san halin da muke ciki ba, Allah ya yi watsi da ƙararmu. Mutanen da aka raba da ƙasarsu, baƙi a babban birnin wasu. Wato su suka yi irin tambayarka, aka amsa musu da taurari. Abin da ya tsorata ka shi ne aka ba su a matsayin magani. Kuma aya ta 28 ta ce Ubangiji ba ya gajiya ba ya suma, wanda kai da ka san yadda ido ke nauyi wajen ƙarfe uku na dare za ka fi ni gane daɗin wannan.

Mu Kirista kuma muna da wata magana da ta fi wannan nauyi, wadda in mutum ya saba jinta tun yana yaro sai ta daina girgiza shi. Yohanna ya ce ta wurin Kalman aka yi dukan abu, sannan ya ce Kalman ya zama mutum ya zauna a cikinmu. Bulus ya gaya wa Kolosiyawa cewa a cikin Almasihu ne dukan abu ke riƙe. To ɗauki wannan ka ajiye kusa da hoton James Webb. Wanda garkunan nan suke tsaye ta wurinsa, shi ne aka naɗe da tsumma aka kwantar a komin dabbobi, a kan ƙwayar yashin nan tamu, kuma waɗanda aka fara kai wa labari masu aikin dare ne a fili. Sulemanu da ya gama gina Haikali ya ce sama da saman sammai ba su isa su ɗauke ka ba balle wannan ɗakin. Duk sifirin da masana suka ƙara, zurfin saukowar nan ne ke ƙaruwa. Ni dai tun da na fara koyar da wannan fannin Kirsimeti ta daina zame min shinkafa da kaza kawai.

Kar kuma ka yi ƙoƙarin korar tsoron gaba ɗaya. Akwai tsoron da ke sa ka gudu, irin na ɗan fashi, akwai wanda ke sa ka cire hula ka yi shiru. Na biyun ne Karin Magana ta kira mafarin hikima, kuma gaskiya mun yi ƙarancinsa. Wani lokaci yadda muke addu'a a garin nan kamar muna aiken yaro, a ba Allah oda a sa masa wa'adi, kafin ƙarshen wata kaza da kaza. Ayuba ma ya zo da ƙorafinsa, kuma ƙorafi ne mai dalili, sai aka tambaye shi ina kake sa'ad da na kafa harsashin duniya, za ka iya ɗaure kaza da 'ya'yanta? Ya ce na sa hannu na rufe bakina. Kaza da 'ya'yan nan fa ita ce dai wadda kakata ke nuna mana a tsakar gida a ƙauyenmu wajen Malumfashi, in an gama tuwon dare an baje tabarma, ta nuna mana ita, ta nuna Zara matar wata, da asuba kuma gamzaki. Sai da na girma na san Zara da gamzaki abu ɗaya ne, duniyar Venus ce, wani lokaci ta fito da yamma wani lokaci da asuba. Kazar kuwa hasken da ke shiga idonka yau ya baro ta shekara wajen 440 da suka wuce, tun kafin a haifi kakan kakan Shehu Ɗan Fodiyo.

Wasu na cewa in ka san yadda abu ke aiki mamakin ya tafi. Ni ban ga haka ba. Ranar 29 ga Maris 2006 ina Gusau aka yi husufin rana cikakke. Na san ranar, na san mintin, na san wata ne zai shiga tsakani, na san rana ta fi wata faɗi sau 400 kuma ta fi shi nisa sau 400 shi ya sa yake rufe ta cif. Har na tara yara ina musu bayani ina ta iyayi. Da abin ya zo da hantsi, gari ya yi duhu, iska ta yi sanyi, kaji suka nufi akurki, sai na ji gwiwata na rawa bakina ya mutu. Wata tsohuwa kusa da ni tana ta salati, ni kuma ban san lokacin da na fara "Ubangiji mai girma" ba. Lissafina bai rage komai ba.

Amma bari in ja maka kunne kan abu ɗaya, don na ga irin abubuwan da ake turowa a WhatsApp. Kar ka ce kimiyya ta "tabbatar" da Allah kamar yadda ake tabbatar da amsa a allo. Akwai masana manya da suke kallon wannan saman ba su gaskata da komai ba, ba kuma don jahilci ba. Madubin hangen nesa yana gaya maka nawa ne, ina ne, tun yaushe. Ba ya gaya maka don me, ko wa. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara kawo maganar cewa sararin nan yana buɗewa kuma yana da mafari, Georges Lemaître, fada ne na Katolika ɗan Beljiyam, a 1927 da 1931 ya rubuta. Amma da Fafaroma Pius na 12 ya yi jawabi a 1951 kamar yana cewa ga shi kimiyya ta tabbatar da Farawa, shi Lemaître ɗin bai ji daɗi ba, don ya san in ka jingina bangaskiyarka a kan lissafin bana, ranar da aka gyara lissafin fa? Labarin nan kuma da ake yawo da shi wai kwamfutar NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, ta gano yinin da ya ɓace a zamanin Joshuwa, ƙarya ce tsagwaronta, kar ka tura wa kowa. Allah ba ya bukatar mu yi masa ƙarya. Coci ma ta taɓa yin kuskure ta ɗaya gefen, ta gurfanar da masanin taurari Galileo a 1633 don ya ce duniya ce ke kewaya rana, sai a 1992 Fafaroma John Paul na 2 ya fito ya amsa cewa an yi masa ba daidai ba.

Nasan wani zai taso da maganar kwana shida na halitta da shekara biliyan 13.8 da masana ke ba sararin nan. Masu bi na gaskiya sun rabu a kai, a cocinmu ma akwai dattawan da ba mu yarda da juna ba kuma tare muke cin jibin Ubangiji. Ni dai awon na karɓe shi don na san yadda aka yi shi, kuma ina ganin Farawa 1 ta zo gaya mana wa ya yi ne, da cewa rana da wata ba alloli ba ne, fitilu ne aka rataya. Duba yadda ta ambaci taurari, a ƙarshen aya ta 16, kamar an tuna da su ne a hanya, "ya kuma yi taurari". Maƙwabtan Isra'ila suna yi musu sujada, nan kuwa rabin layi aka ba su. Agustin, bishop ɗin Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, ɗan Afirka ɗan'uwanmu da ya rasu a shekara ta 430, tun a lokacin bai ɗauki kwanakin nan a matsayin irin namu na awa 24 ba, ya kuma gargaɗi Kirista kar su riƙa faɗin shirme kan sama da ƙasa da sunan Nassi a gaban waɗanda suka san abin, don sai a raina Nassin. Wannan kuma ya shafi masu duba "tauraronsu" a waya su ga ko wannan satin za a samu kuɗi, wutar gas da ke can nesa ba ta san ranar haihuwarka ba.

Tunda kai kake da dare a hannu ka fi mu duka damar kallo. Matsalar Legas hasken fitilu da hayaƙin janareta, ga hazo in hunturu ya shigo, amma muna da sa'a ɗaya, muna kusa da tsakiyar duniya don haka muna ganin taurarin arewa da na kudu duka. Daga Disamba zuwa Fabrairu wajen ƙarfe tara zuwa sha ɗaya na dare ka ɗaga kai sama sosai, za ka ga taurari uku a jere reras kamar an sa ruwla, ko a Lekki suna fitowa. Jan nan da ke gefensu shi ne Betelgeuse. Bi layin ukun ta gefe ɗaya za ka iske wani fari mai ƙyalli da ya fi kowane tauraro haske, Sirius kenan, haskensa shekara 8 da rabi ya yi a hanya. Bi ta ɗaya gefen ka wuce wani ja-ja za ka kai ga kaza da 'ya'yanta, ita sai an ɗauke wuta a unguwa za ka gan ta da kyau. Kashe tocila ka ajiye waya kamar minti ashirin tukuna ido ya saba da duhu. Andromeda kam sai ka je gida Kirsimeti, ka fita bayan gari da farkon dare ka dubi arewa.

Ranar Lahadi in an tashi sujada kar ka gudu, ka same ni wajen ajin matasa. Ina da wani tsohon madubin hange mai ido biyu, zan ba ka aro na sati biyu in nuna maka yadda za ka dafa shi a kan katanga kar hannu ya yi rawa, in Jupiter na sama za ka ga 'yan watanninta a jere kusa da ita kamar ɗigon gishiri, su Galileo ya gani a 1610. Ka dai riƙe min shi da kyau, igiyar wuyan ta tsinke, da leda na ɗaure.